Dindindin

Ranar da aka sallamo Tsani daga asibiti, babban yatsan ƙafarsa ta dama yana motsi. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya yaye zanin ya nuna masa.

"Duba nan. Ka gani? Ni na sa shi."

Tsani mai fenti ne. Tsawonsa da tsanin da ba ya sauka daga kafaɗarsa su suka ja masa sunan. Katakon da kamfanin gini ya ɗaura masa ya taka a saman bene ne ya karye, ya faɗo da baya a kan tulin bulo. An yi masa aiki a ƙashin baya. Likitan da ya yi aikin ya tara mutanen gidan ya yi musu bayani dalla-dalla: jijiyar ba ta tsinke ba, rauni ta ji. Zai iya komawa tafiya, wataƙila da sanda, amma sai an dage da gashin ƙashi da motsa ƙafafun kullum, kuma yanzu za a fara, ba sai an huta ba.

"In kuka bar su a kwance za su sandare," in ji likitan. "In suka sandare kuwa, ni ma ba ni da abin da zan yi musu."

Inna ta ce sun ji. Yaya, wan Tsani, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya ce ai ko dukiyarsa za ta ƙare sai Auta, ƙanin nasa, ya taka ƙasa. Matar Tsani ta riƙe maganar a ranta. Har yanzu Amarya ake ce mata a gidan, duk da 'ya'yanta biyu.

Abokinsa Mai Walda ya zo da bututun ƙarfe biyu ya kafa su a tsakar gida, daidai ƙugun Tsani, ya shafe su da ragowar shuɗin fentin da ya samu a ɗakin.

"Wannan wane irin shafi ne?" Tsani ya ce daga kan keken guragu. "Kamar akuya ta bi ta kai da jela."

"In ka isa ka tashi ka gyara."

Malamar gashi kuma tana zuwa da hantsi, wata mace mai jiki da murya, jakarta cike da man tausa. Ta murza cinyoyin, ta lanƙwasa gwiwa ta miƙar, shi yana cije leɓe, ita tana yi masa tsiya.

"Kai da kake hawa bene kamar ƙadangare, wannan ɗan ƙarfen ne zai ba ka tsoro? Kama nan. Amarya, shiga ta hagu. Inna, ki daina salati haka, ba yanka shi za mu yi ba."

Ranar da ya fara tsayuwa tsakanin ƙarafan, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, gwiwoyinsa suna rawa, ya kalli gidan daga sama kamar yadda ya saba ganinsa. Ya ga saman kan Inna, ya ga ƙurar da ke kan katanga. Ya fashe da dariya har sai da aka zaunar da shi.

A cikin wannan halin ne kamfanin ya aiko cewa ba laifinsu ba ne, shi ne bai ɗaura igiyar tsaro ba. Igiyar da ba su taɓa ba kowa ba. Yaya ya fusata, ya ce sai kotu. Ya tura Tsani a keke har ofishin wani lauya, ɗaki mai fanka ɗaya da fayil-fayil jibge har kan kujeru.

Lauyan ya saurare su, ya ce ƙarar tana da ƙarfi. Sannan ya ce kotu tana raba naƙasa gida biyu, akwai ta wucin gadi, akwai ta dindindin, kuma diyyarsu ba ɗaya ba ce.

Yaya ya gyara zama. "Dindindin ɗin fa, ranka ya daɗe?"

"Wadda ba a warkewa. Mutum ya rasa sana'arsa har ƙarshen rayuwarsa."

"Ita ce mai tsoka ke nan."

Lauyan ya yi murmushi ya ɗaga hannu biyu. "Ni dai doka na faɗa muku. Likitan kotu ne zai duba shi ya faɗi wacce ce. Abu ɗaya kawai, ku kula da baƙin fuska a layinku. Irin waɗannan kamfanonin sukan turo mutum da waya. In aka ɗauki hotonsa a tsaye, za su kai wa alƙali su ce lafiyarsa lau."

A hanyar komawa Yaya yana tura keken. Tsani yana jin numfashinsa a bayan kansa, yana jin yana maimaita kalmar dindindin a hankali kamar mai gudun kada ta ɓace masa.

Washegari da malamar gashi ta zo, a ƙofar gida Yaya ya tare ta. Tsani yana jiyo su ta taga.

"Malama, a ɗan dakata da aikin nan. Akwai maganar kotu."

"Kotu ce za ta motsa masa ƙafa?"

"Na ɗan lokaci ne. Da an yanke hukunci za mu neme ki."

"Bawan Allah, ka san abin da kake faɗa kuwa? Bari in ga mara lafiyata."

"Barci yake yi."

Tsani ya ɗaga murya ya ce idonsa biyu. Inna ta shigo da sauri ta saki labulen tagar.

"Yi shiru, Auta. Yayanka ya fi ka sanin duniya."

Da Yaya ya shigo, Tsani ya tambaye shi dalili. Yaya ya zauna a bakin gado ya dafa ƙafarsa, muryarsa a sanyaye.

"Don kai nake yi. Ka ce ka warke ka tashi da sanda, to sai me? Wa zai ba mai sanda fentin bene? Za su ba ka abin da ba zai kai ka ko'ina ba, su ce ai ka warke. Yaran nan fa? Ka yi haƙuri a shiga kotu kana kwance. Ana gamawa ka tashi ka yi ta tafiyarka, har gudu ma."

"Likita ya ce ƙafar ba za ta jira ba."

"Likita zai ciyar da gidan nan? Zama ɗaya ne ko biyu, an gama."

Aka yi zaman farko, lauyan kamfani bai zo ba, aka ɗage. Aka koma, alƙali ya tafi taro, aka ɗage. Aka sake komawa, kamfani ya ce yana so a ba shi lokaci ya kawo shaida. Kowace dawowa Yaya yakan shigo yana share gumi ya ce saura ƙiris.

Ƙarafan tsakar gida suka zama wurin shanya. Tsani yana hango wandunan yaransa a kansu ta gefen labule. Ƙarfen koyon tafiya mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi, Yaya ya ɗauke ya jefa saman rufin ɗakin girki. Keken ma aka ce kada a fita da shi ƙofar gida, sai ranar kotu.

Mai Walda ya zo ya ga shanya a kan aikinsa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya kwashe kayan ya zube su a kan tabarma.

"Yaya, ba don wannan na haɗa su ba."

"Mun gode da ƙoƙarinka. Amma wannan magana ce ta cikin gida."

"Ku ji tsoron Allah. Mutum yana tsayuwa da ƙafarsa kun kwantar da shi?"

"Wa ya ce maka yana tsayuwa? Ka gani da idonka? To ko ka gani, ka riƙe bakinka. In maganar nan ta fita muka rasa shari'a, kai za ka ɗauki iyalinsa?"

Daga ranar, duk lokacin da Mai Walda ya zo sai a ce masa Tsani yana barci. Ba a daɗe ba aka kira wani ya yanke ƙarafan daga tushe.

Amarya ce ta rage masa. Da rana, in Yaya ya tafi shagonsa, Inna kuma ta kishingiɗa bayan azahar, sai ta turo ƙofa ta sa sakata. Ta shafa masa ragowar man tausar da malamar ta bari, shi ma ya lakata ya murza cinyoyinsa da kansa. Sannan ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa, ya dafa bango, ya ja jikinsa sama kaɗan-kaɗan. Bangon fari ne, shi ya yi masa fenti da hannunsa kafin aurensu.

"Nauyinka kamar buhun siminti," takan ce tana haki.

"Da kika aure ni ba ki auna ba?"

"Tsawon na gani, ya ruɗe ni."

Suna dariya ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi a cikin ɗakinsu. Har ya kai yana iya sakin kafaɗarta ya tsaya da bango kawai. Wata rana ma ya ja ƙafar dama gaba, ta bi shi.

Man da ke tafin hannunsa ne ya tona su. Yaya ya shigo da yamma da labarin wata ɗagewar, yana cikin magana sai idonsa ya sauka a kan bango. Sawun tafin hannu ne jere, sun faro daga gefen gado suna hawa, har inda ba wanda zai kai a gidan sai mutum ɗaya, kuma a tsaye.

"Hannun wa ne wannan?"

Ya juya ya dubi matar ƙaninsa.

"Amarya, zo waje."

Bai yi mata faɗa ba. Da faɗa ya yi da ta fi iya ɗauka. Tsani yana jin komai ta labule. Yaya ya ce mata jiya an ga wani mai jar hula yana zagaya layin da waya a hannu. Ya ce shi ya sayar da rabin kayan shagonsa a kan shari'ar nan. Ya ce in aka faɗi, shi ba zai iya riƙe gida biyu ba, sai dai ta kwashi yaranta ta san inda za ta kai su. Inna ta karɓa da kuka, ta ce ita ta haife shi, babu wanda ya kai ta son ya tashi, amma yarinya ta zo tana so ta nuna ta fi uwa tausayi.

Yaya ya sa aka goge bangon da sabulu. Sawun bai fita ba. Sai ya jawo kabad ɗin kaya ya rufe wurin. Inna kuma ta dawo da tabarmarta ɗakin, a nan take yin barcin rana.

Bayan kwanaki aka yi rasuwa a dangi, Inna ta fita gaisuwa. Gidan ya yi tsit. Tsani ya kira matarsa.

"Sa sakata. Zo ki ba ni kafaɗa."

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Zo mana, kafin ta dawo."

"Ka yi haƙuri, Baban yara."

"Me kika ce?"

"An ce wannan zaman ne na ƙarshe. Ka bari a gama." Ba ta kalle shi ba. "In aka kore ni da yaran nan, ina za ni? Kai kana kwance, ni ba ni da kowa. Wallahi tsoro nake ji."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya fuskarsa wajen kabad.

"Ajiye abincin ki tafi."

Ya gwada shi kaɗai bayan ta fita. Ya kama ƙarfen gado ya ja, ya zamo ya faɗi tsakanin gado da bango, ya kasa juyawa. A nan Inna ta dawo ta same shi, ya jiƙa wandonsa. Ta kira Yaya suka ɗaga shi.

"Ka ga irin ta ko?" in ji Yaya. "Taurin kan nan naka ne zai ƙarasa ka."

Wannan zaman ma ba shi ne na ƙarshe ba. Aka canja alƙali, sabon ya ce a faro daga farko. Damina ta zo ta wuce. Cinyoyin Tsani suka zube har wandonsa ya koma kamar na aro. Gwiwoyin suka tanƙware, in aka ja su sai ya yi ƙara. Tafin ƙafafun suka sunkuya ƙasa suka tsaya a haka. Gyambo ya fito masa a ƙugu, Amarya tana wankewa safe da yamma, ba sa magana sai ɗaga nan, juya can. Ya daina yaye zani yana nuna wa kowa yatsa. Wata safiya shi kansa ya yaye ya kalla, ya umarce shi ya motsa, yatsan ya yi kamar ba da shi ake ba.

Da ranar ganin likitan kotu ta zo, aka kwantar da shi a kan gadon gwaji. Likitan, wani dattijo mai farin gashi, ya karanta bayanin asibitin farko, ya kama ƙafar ya gwada miƙar da ita, ya saki. Ya sake duba bayanin.

"Wannan ai ya kamata a ce yana tafiya tuntuni. Me ya hana a yi masa gashi?"

"Rashin hali, likita," in ji Yaya. "Kamfanin nan bai ba mu ko sisi ba."

Likitan ya dubi Tsani. "Haka ne?"

Tsani ya dubi Yaya, ya dubi Inna da ke zaune da carbi, ya dubi matarsa da ta sunkuyar da kai. Ya riga ya ji yadda ƙafar ta ƙi miƙuwa a hannun likitan. Faɗin gaskiya yanzu ba zai dawo da ita ba, sai dai ya raba yaransa da abin da aka saya da ita.

"Haka ne," ya ce.

"To, an makara."

A cikin motar haya Yaya ya kasa ɓoye murnarsa. Ya ce wa direba ya ƙara rediyo. Ya juyo ya dafa kafaɗar ƙaninsa. "Ka iya, Auta. Wallahi ni kaina sai da na ji tausayinka a kan gadon nan."

Alƙali ya yanke hukunci: sakacin kamfani ne, naƙasar kuma ta dindindin ce. Kamfanin ya biya. Gidan ya cika da 'yan barka, Inna tana ta sa wa Yaya albarka, tana cewa da ba don tsayuwarsa ba da an cuci marayan Allah.

Da mutane suka ragu, Yaya ya ɗauko tsanin Tsani da ke jingine a bayan gida, ya hau rufin ɗakin girki ya sauko da ƙarfen koyon tafiya. Rana da ruwa sun cinye robar hannunsa, tsatsa ta kama ƙafafun. Ya kakkaɓe shi ya shigo da shi ɗaki yana fara'a, ya dasa a gaban gado.

"To, Auta, an gama. Na cika alkawari. Bismillah, tashi."

Da gaske yake. Abin da ya fi ci wa Tsani rai ke nan, da gaske yake.

Yaya ya kama hammata ɗaya, Amarya ta kama ɗayar, suka ɗaga shi. Ƙafafun suka taso tare da shi a tanƙware kamar yadda suke a kan katifa, ko ƙasa ba su taɓa ba. Yaya ya ce ya miƙe su mana, ya daina wasa. Ya sa hannu ya danna gwiwar, Tsani ya yi wata ƙara da ta sa yaran suka gudu waje. Suka mayar da shi.

"A kira malamar nan," Inna ta ce. "A kira ta yanzu, ko nawa ne a ba ta."

Malamar gashi ta zo. Ba ta yi tsiya ba wannan karon. Ta taɓa gwiwa, ta taɓa idon sawu, ta mayar da zanin ta rufe. Ta ce za ta riƙa zuwa saboda ciwon da gyambon, amma kada kowa ya sa rai da tafiya. Ta ɗauki jakarta, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

"Ba ta san aikinta ba ne," in ji Yaya. "Za mu nemi wani. Yanzu ai akwai hali."

"Yaya," Tsani ya ce, "ba ka ji alƙali ba? Dindindin ya ce. Kai ka nema, an ba ka."

Tun daga nan kowa a gidan yana da abin faɗa. Yaya yana cewa shi lauya ya bi. Lauya ya ce shi doka kawai ya karanta musu, bai ce a kwantar da kowa ba. Inna tana cewa haka Allah ya rubuta. Amarya kuwa wankin gyambo kawai take yi. A layi kuwa yabon Yaya ake yi, ɗan'uwa na gari da ya kayar da kamfani. Kamfanin da ya ɗaura ruɓaɓɓen katako an kai shi gaban alƙali, an ci shi tara, ya biya. Waɗanda suka saki labule, suka yanke ƙarfe, suka janye kafaɗa, babu kotun da za ta kira su, don su ne masu kawo masa abinci, su ne masu juya shi a kan gado, kuma dole ya ce musu sannu.

Yaya ya faɗaɗa shago, ya ce don a juya wa Auta dukiyarsa. Ya sayo masa sabon keke da babbar talabijin. Sannan ya ce a yi wa gidan fenti gaba ɗaya, a kori baƙin ciki.

Mai fentin da aka ɗauko ya shigo ɗakin Tsani da bokiti da buroshi, ya ja kabad gefe, ya tsaya. Sawun hannun suna nan, sun yi duhu, suna hawa bango ɗaya bayan ɗaya. Amarya da ta shigo da ruwa ta gan su, ta ajiye kofin ta fita da sauri.

"Rufe wannan ƙazantar," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ka yi mata shafi biyu."

Mai fentin ya dubi mutumin da ke kwance, kamar mai neman izini.

"Shafa abinka," Tsani ya ce. "Amma in gaya maka, ni ma sana'ata ce. Mai ne, ya riga ya shiga bangon. Ko shafi nawa ka yi, in ya bushe sai ya sake fitowa."